Kilo nawa ne yaron?

A bakin ƙofar ɗakin tiyatarmu akwai wani farin sikeli, irin wanda ake takawa a tsaya. Da kuɗina na saye shi shekara shida da suka wuce, gefensa har ya tsage na ɗaure da filasta. Duk yaron da za a yi wa aiki a hannuna sai ya hau shi tukuna, ko da an rubuta nauyinsa a kati. In jariri ne sai in aika ɗakin haihuwa a aro nasu mai faranti. Sistocin da muke aiki tare sun saba, yanzu ko ban yi magana ba za ka ji ɗaya ta ce wa uwar yaro, "Mama, a cire masa takalmi ya hau nan."

Ni ma'aikacin jinya ne da ya ƙware a fannin sa barci da kashe zafi lokacin tiyata. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a harkokin duniya da yawa haka ne. A aikina dai ban yarda da kimar ido ba, musamman a kan yaro. Maganin da nake kashe wa yaro zafi da shi, shi ne kuma wanda in ya yi yawa zai tsayar masa da zuciya, tazarar da ke tsakanin biyun kuwa a jikin ƙaramin yaro ba ta wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba.

Ranar Talatar da ta wuce an kawo mana wani yaro ɗan shekara 4 da gwaiwa a ɓarin dama. A kati an rubuta kilo 16. Ina ganin lambar na san daga inda ta fito. Akwai lissafin da ake koya mana na kiyasta nauyin yaro in ana gaggawa: a ƙara 4 a kan shekarunsa, a ninka biyu. Shekara 4 ta ba da 16 ke nan. Lissafin a kan yaran Turai aka gina shi, kuma don lokacin da babu damar awo aka yi shi. Yaron nan ya hau sikelina, allurar sikelin ta tsaya a kan 11. Na sauke shi na sake ɗora shi, 11 dai. Uwar ta ce ya yi ƙyanda da bazara, tun daga nan bai murmure ba. Ga shi nan dai da wayonsa, idanu tar, amma hannunsa kamar sillen kara.

Iyaye da yawa suna ɗaukar cewa in an sa yaro barci shi ke nan ba zai ji komai ba. Barci daban, kashe zafi daban. Jikin mai barci yana jin wuƙa, bugun zuciya ya hau, numfashi ya canza, kuma da ya farka zafin na nan yana jiransa. Magunguna masu ƙarfi irin su mofin ba kullum muke samunsu ba, in ma an samu suna rage wa yaro numfashi, ga shi a ɗakin kwanciya sista ɗaya ce take kula da gadaje da yawa da daddare. Shi ya sa duk aikin da ke ƙasa da cibiya, gwaiwa ce, kaciya ce, gyaran mafitsara ne, saukar da ɗan maraina ne, na fi son in haɗa barci mara nauyi da allurar kwankwaso, wadda a tsakaninmu muke kira kodal.

A can ƙarshen ƙashin baya, dab da inda tsagin ɗuwawu ya fara, akwai wata 'yar ƙofa da Allah Ya bari, inda ƙashin ƙarshe na kwankwaso bai haɗe ba. Wata tantani ce kawai ta rufe ta. In ka ratsa ta da allura ka shiga sararin da jijiyoyin ƙafa da mara da matsematsi suke bi bayan sun fito daga laka. Magani ya jiƙa su, su daina kai saƙon zafi. A wurin babba ƙofar kan yi wuyar samu, a wurin yaro kuwa yatsa na jin ta sarai. Wani likitan mafitsara a Amurka, Meredith Campbell, shi ya fara rubuta yadda ya yi wa yara wannan allura a 1933. Maganin da muke sawa, bufibaken, a Suwidin aka haɗa shi a 1957, ɗan'uwansa lidoken ma can aka haɗa shi a 1943. Lidoken na kamawa da wuri ya saki da wuri. Bufibaken na ɗaukar kamar minti 10 zuwa 15 kafin ya kama, amma yana riƙe yaro awa 4 zuwa 6, wani lokaci fiye.

To ga inda aikin yake. Tambaya biyu ce, kuma dole a amsa su bi da bi. Ta farko, miligiram nawa jikin yaron nan zai iya ɗauka? Ta biyu, mililita (mil) nawa na ruwa nake bukata don maganin ya hau har inda za a yanka? Wanda ya fara da ta biyu ya manta ta farko shi ne yake shiga uku.

Iyakar bufibaken miligiram 2.5 ce a kowane kilo, haka ƙungiyoyin masana wannan fanni na Turai da Amurka suka tsayar a shawarar da suka fitar tare a 2018. Ni a kan yaro mai rama nakan tsaya a 2. Yawan ruwan kuwa, tun 1979 wani likita a Ingila, Armitage, ya ba da ma'aunin da har yau muke bi: rabin mil a kowane kilo in aikin kaciya ne ko na dubura, mil 1 a kowane kilo in na gwaiwa ne, mil 1.25 in ana so ya hau sama da haka. Amma ma'aunin nasa na magani ne mai ƙarfin kashi 0.25 cikin 100. Kwalbar da ke zuwa mana kuwa galibi ta kashi 0.5 ce. Wannan 'yar lambar da ke jikin kwalba ita ce mutane ke yi wa kallon banza. Kashi 1 cikin 100 na nufin miligiram 10 a kowane mil. Ta 0.5 tana da miligiram 5 a mil, ta 0.25 tana da 2.5.

A ɗauki yaronmu mai kilo 11. Gwaiwa ce, ina bukatar mil 11. In na tsinka maganin zuwa 0.25, miligiram 27.5 ke nan, daidai bakin iyaka. Da na bi abin da ke kati na ba shi mil 16, da ya sha miligiram 40, wato sama da 3.5 a kowane kilo nasa na gaskiya. Da kuma wani ya zuƙi mil 11 kai tsaye daga kwalbar 0.5 bai tsinka ba, miligiram 55 ke nan, ninki biyu na iyaka. Duka ukun a ido sirinji ne da farin ruwa a ciki, babu mai bambance su.

Abin da na yi, na zuƙi mil 8 na maganin daga kwalbar 0.5, na ƙara mil 12 na ruwan gishirin asibiti, ya zama mil 20 mai miligiram 2 a kowane mil. Sai na tsiyayar da mil 9 a tasa tun kafin in kusanci yaron, ya rage 11 cif. Ba na barin abin da ya wuce kason yaro a cikin sirinji, don hannu kan zarce in hankali ya rabu. Na rubuta sunan maganin da ƙarfinsa a filasta na manna. Akwai ɗalibi da ke koyon aiki a wurina, na sa shi ya yi lissafin a takarda shi kaɗai, ni ma na yi nawa, muka haɗa. Ya samu miligiram 22, na samu 22. Ko zan yi wannan allurar sau dubu ba zan daina sa wani ya maimaita mini lissafi ba.

Abu ɗaya kuma da nake nanata wa ɗalibai: bufibaken iri biyu ne a kabad ɗinmu. Akwai mai nauyi, wanda aka haɗa da sukari don allurar baya ta manya, irin wadda ake yi wa mata lokacin ciro jariri. Akwai kuma tsurarsa. Na kodal shi ne tsura. A karanta kwalba da baki, ba da ido kawai ba.

Da yaron ya yi barci, kanula, ɗan bututun nan da ake sawa a jijiya, na hannunsa, na'urar bugun zuciya da ta iska na manne, muka kwantar da shi a gefen hagu muka naɗe gwiwoyinsa zuwa ciki. Na wanke wurin sosai, don kusa da dubura ne. Na lalubo tudu biyu na ƙashin ƙugu ta baya, daga su zuwa ƙofar kamar murhu ne mai duwatsu uku, tazararsu ɗaya. Yatsana ya sauka tsakanin wasu 'yan ƙahoni biyu na ƙashi, ga ɗan lotsawa a tsakiya. Na soka allura a karkace, na ji ɗan "ɓus" ɗin nan da tantanin ke yi in an ratsa shi. Daga nan ba na turawa can ciki, domin jakar ruwan laka a wurin ƙananan yara ta fi ta manya saukowa ƙasa, jariri ma tasa kan kai ƙashi na 3 ko na 4 na kwankwaso. Na bar allurar a buɗe na ɗan jira, ba jini, ba ruwa. Na ja sirinji a hankali, babu komai. Sannan na fara turawa, mil 2, in tsaya, in sake ja, in kalli zanen zuciya a allo, in ci gaba. Yatsana ɗaya na kan fata, in ta kumbura na san maganin ƙarƙashin fata yake tafiya. Mil 11 ya ɗauke ni fiye da minti ɗaya da rabi. Likitan tiyata na tsaye da safar hannu yana jira, na san yana da mutum bakwai a layi, amma wannan minti ɗin ba na sayar da shi.

Dalilin kallon allon shi ne, babba in magani ya shiga jininsa yana farke zai ce maka bakinsa ya yi nauyi, yana jin ɗanɗanon ƙarfe, kunnensa na ƙara. Yaro mai barci ba zai ce komai ba. Maganin barcin ma kan ɓoye jijjiga. Sau da yawa zuciya ce ke fara magana: zanen ya canza, bugun ya ragu ko ya rikice. Bufibaken kuma in ya kama zuciya ba ya saki da sauƙi. Tun 1979 wani likita a Amurka, George Albright, ya ja hankalin duniya a kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya bayan wannan magani ya shiga jijiyar jini, aka sha wuya wajen farfaɗo da su.

Aka yanka, bugun yaron bai motsa daga inda yake ba. Wannan ne lokacin da nake jin daɗin aikina.

Da aka zo ɗinki sai likitan, mutumin kirki ne mai tausayin yara, ya ce wa sista, "Ba ni lidoken in zagaye bakin ciwon, kada ya tashi da kuka." Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, na riga na ba shi kasonsa ta baya. Kilo 11 ne, ba 16 ba." Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce, "To madalla da ka faɗa." Magungunan nan ba kowanne ne da nasa buhun ba. Gubarsu taruwa take yi. In ka cinye kaso 80 cikin 100 na iyakar wannan, abin da ya rage maka na wancan kaso 20 ne kawai. Shi ya sa tun kafin a fara aiki ya kamata mai sa barci da mai yanka su yi magana, wa zai ba da me, nawa ne jimla.

Kada a ɗauka mu ne kawai muke wannan kuskuren don muna ƙasa mai ƙarancin kayan aiki. A 2015 an fitar da nazarin allurar kodal fiye da 18,000 da aka yi wa yara a manyan asibitocin Amurka. Allurar ta fito da kyakkyawar shaida, ba a samu yaron da ta bar wa nakasa ba. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na yaran an ba su fiye da miligiram 2 a kilo, kuma masu nazarin sun nuna damuwa da yadda kowa ke auna nasa daban.

Jarirai su ne suka fi ba ni tsoro, musamman 'yan ƙasa da wata 6. A cikin jini akwai wani sinadari da ke kama maganin ya riƙe shi, wanda bai kamu ba shi ne ke zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Jariri nasa sinadarin kaɗan ne. Hantarsa, wadda ita ce ke narkar da maganin, ba ta gama ƙwari ba. Zuciyarsa na gudu, tana kwasar magani daga inda aka zuba shi da sauri. Abin sauƙin shi ne jijiyoyinsa sirara ne, rigarsu ba ta gama kauri ba, don haka tsinkakken magani ma yana kama su. Babu abin da zai sa a ba jariri mai kauri.

Abin da ya sa na sayi sikelin nan wani jariri ne. Lokacin hunturu ne, lokacin da aka fi yin kaciya. A da sai yaro ya kai shekara 6 ko 7 ake kai shi wurin wanzami, yanzu mutane da yawa a gari tun ana jego suke yi. Wajen la'asar aka shigo da shi a guje daga Keke, ɗan sati uku, naɗe da zani, jikinsa na karkarwa, idanu sun juye, leɓɓa sun yi shuɗi. Kakarsa na salati tana cewa iska ce ta taɓa shi. Uban, yaro ne matashi, ya ce daga wurin kaciya suke, a wani ɗan shago da ke kusa, an yi masa allurar kashe zafi, ba a ma gama ɗaure ciwon ba ya fara haka. Muka sa masa iska da jakar numfashi, muka samu jijiya da ƙyar, muka ba shi maganin tsayar da jijjiga daidai nauyinsa. Sukarinsa lafiya, ba zazzaɓi. Na tambayi uban, "Malam, allurar da aka yi masa, ka ga yawanta?" Ya ce ƙaramin sirinji ne aka cika. Ƙaramin sirinji mil 2 ne. Lidoken da ke yawo a shaguna galibi mai kashi 2 cikin 100 ne, miligiram 20 a kowane mil. Miligiram 40 ke nan. Muka auna jaririn, kilo 3.5. Iyakar da nake bi a lidoken tsura miligiram 3 ce a kilo, kasonsa duka bai wuce 10.5 ba, wato rabin mil na wannan kwalbar. An ba shi kusan ninki huɗu.

Cikin ikon Allah zuciyarsa ba ta tsaya ba. Na kwana a gefen gadonsa, wajen asuba ya buɗe ido ya nemi nono. Uwar ba ta iya magana ba, kuka kawai take yi. Har yau in na tuna mai kaciyar nan ba na jin ƙiyayyarsa. Niyyarsa kada jariri ya ji zafi, kuma ya fi wanda ke yanka ba tare da komai ba yana cewa jariri bai san ciwo ba. Abin da ya rasa lissafi ne na minti ɗaya da sikeli. Yaro ɗan shekara 7 mai kilo 20 zai ɗauki mil 3 na kwalbar nan lafiya lau, da alama da irinsu ya saba, hannunsa ya zuƙi abin da ya saba zuƙa.

Ba ina cewa a daina yi wa jarirai allurar ba ne, Allah Ya kiyaye. Har cikin shekarun 1980 akwai manyan asibitocin duniya da ke yi wa jarirai tiyata da ɗan abin kashe zafi kaɗan ko babu, sai da binciken Anand da abokan aikinsa a 1987 ya nuna irin wahalar da jikinsu ke sha. A 1997 kuma wani bincike a Kanada ya gano cewa jariran da aka yi wa kaciya ba a kashe musu zafi ba sun fi sauran kuka da firgita lokacin rigakafi, watanni bayan haka. Jiki na riƙe abin. A yi allurar, amma a auna jaririn, a tsinka maganin zuwa kashi 1 ko ƙasa don a samu ruwan da zai zagaye, a ja sirinji kafin a tura, kuma a duba kwalba kada ta zama mai adiranalin, domin shi yana matse jijiyoyin jini, ba a yin allurarsa a mazakutar yaro.

Akwai maganin wannan guba, wani farin ruwan kitse mai kama da madara, wanda asali don ciyar da marasa lafiya ta jijiya aka yi shi, an fi saninsa da Intralipid. Guy Weinberg ne ya nuna amfaninsa a kan ɓeraye a 1998, a 2006 aka ba da labarin mutum na farko da aka ceto da shi. Ana ba da mil 1.5 a kowane kilo na mai kashi 20 cikin 100 a tashin farko, sannan a ci gaba da ɗiga shi. Lokacin jaririn nan ba mu da shi. Yanzu muna da leda ɗaya a kabad na sama, na manna takardar lissafinsa a murfin, ina duba ranar lalacewarsa duk farkon wata. Kafin in taɓa yaron Talata na riga na rubuta kasonsa, mil 16.5, a gefen takardata. Ina roƙon duk mai iko da sayen magani a asibitin da ake allurar nan ya nemo ko leda ɗaya ce.

Yaron ya farka ba kuka. Ya dube ni, ya dubi silin, ya ce yana son ruwa. Na fita na samu uwar a kan benci, ta ƙanƙame ledar kayansa. Na ce, "Mama, an gama lafiya. Ƙafafunsa za su yi masa nauyi na 'yan awoyi, kada ki tsorata, kuma kada ki bar shi ya sauko daga gado shi kaɗai. In ya yi fitsari ki faɗa wa sista. Kafin magariba za a ba shi farasitamol, ko bai ce yana jin ciwo ba a ba shi, don kada maganin baya ya sake shi babu komai a jikinsa." Ta ce, "Likita, ba zai shanye ba ko? An ce allurar baya na shanyar da ƙafa." Na ce ta zo ta gani. Muka shiga, na sosa tafin ƙafarsa, ya ɗan janye ta yana murmushi. Ta dafa kansa ta yi ta hamdala.

Kafin in tashi aiki na ɗauki katinsa na soke 16 na rubuta 11 da jan biro, na sa kwanan wata. Na kuma rubuta musu takarda zuwa sashen kula da abincin yara, don kilo 11 a shekara 4 magana ce da ta wuce ta gwaiwa. Za su dawo duba ciwo ranar Talata mai zuwa, na ce wa uwar in sun zo su biyo ta ƙofar tiyata ya sake hawa sikelin.